Gasar Gem: Wasa Ne Na Gaske Ko Zaman Kashe Wando? Tambayoyi da Amsoshi

Gardamar nan ta daɗe, kuma da wuya a tashi daga ita an gamsar da juna. Wani ya ce mutumin da ke zaune kan kujera yana latse-latsen gem, wato wasan bidiyo na kwamfuta ko waya, ba zai taɓa zama ɗan wasa ba, wani ya ce ai miliyoyin daloli ake ci. Duka biyun sun kauce wa batun. Zama ba ya kore gwaninta, kuɗi kuma ba shi ke mayar da abu wasa ba, don a caca ma ana cin kuɗi. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Me ake nufi da gasar gem? Duk mai buga gem a waya yana ciki?

A'a. Tazarar da ke tsakanin mai buga gem don ɗebe kewa da ɗan gasa ita ce tazarar da ke tsakanin mai taɓa ƙwallo da yamma da ɗan wasan lig. Gasa tana buƙatar mutum ya kara da mutum, da dokoki a rubuce, da alƙalan wasa, da jadawali, da kayan aiki iri ɗaya ga kowa.

Kuma ba abu guda ba ne. Akwai na harbi irin Counter-Strike da Valorant, biyar da biyar. A Counter-Strike 2 kowane zagaye minti 1 da sakan 55 ne, ƙungiyar da ta riga cin zagaye 13 ita ta ci. Akwai League of Legends da Dota 2, su ma biyar-biyar, kowa da aikinsa, burin a rushe sansanin abokan karawa. Akwai na faɗa ɗaya da ɗaya irin Street Fighter da Tekken, da na ƙwallon ƙafa, da na tseren mota, da na waya irin PUBG Mobile da Free Fire. Wanda ya gwanance a ɗaya baƙo ne a ɗayan.

Abin ma ba na jiya ba ne. A 1972 ɗaliban Jami'ar Stanford a Amurka suka yi gasar Spacewar. Koriya ta Kudu ce ta mayar da shi sana'a: a 2000 aka kafa hukumar KeSPA da amincewar gwamnati, ana nuna karawar StarCraft, wani gem na dabarun yaƙi, a talabijin.

A ba mu amsa guda: wasan motsa jiki ne ko kuwa?

Rabin gardamar a cikin sunan take. Kalmar "wasa" ta haɗa ƙwallo da wasan yara da raha, shi ya sa muke ƙara "motsa jiki" idan muna son bambancewa. Da zarar an ƙara shi, mai sauraro sai ya hango gudu da gumi. Alhali harbin bindiga yana cikin Olamfik tun 1896, kuma gwanin harbi ƙoƙarinsa duka shi ne kada jikinsa ya motsa.

Abubuwa uku ake dubawa. Shin gwaninta ce ke yanke hukunci ko sa'a? Shin gwanintar tana bi ta jiki, ko a kai kawai take? Shin akwai tsari da hukuma mai zaman kanta? Gasar gem ta haye na farko ba gardama, shi ya sa za ka ga mutane ƙalilan suna ta lashe kofi shekara da shekaru. Ta haye na biyu, amma ta ƙofar da harbin bindiga da harbin kibiya suka bi, wato saiti da saurin hannu. A na uku ne take ɗingishi, kuma a ganinmu nan ne ainihin matsalar, ko da yake ba nan masu suka suka fi dannawa ba.

Saboda haka: gasa ce ta gaske wadda jiki ke da hannu a cikinta, amma ba ta motsa jiki yadda likita yake nufi.

Mutum yana zaune. Ina aikin jikin yake?

A yatsu, da tsintsiyar hannu, da damtse, da ido. Ƙwararren ɗan StarCraft yakan ba da umarni 300 zuwa 400 a minti guda, kusan shida ke nan a kowane sakan, hannun hagu a kan kibod, na dama a kan linzamin kwamfuta, kowanne da nasa aikin, har tsawon minti ashirin ko fiye.

Ɗauki harbi guda a Counter-Strike. Idan ɗan wasa ya harba yana tafiya, harsashin ba zai je inda ya auna ba. Don haka idan yana matsawa hagu, sai ya saki maɓallin hagu, ya ɗan taɓa na dama don ya tsaya cak, sannan ya harba a daidai wannan ƙiftawar. Ya yi gaggawa, ya kuskure. Ya yi jinkiri, an riga shi. In ya riƙe kunamar kuwa, bakin bindigar zai yi ta ɗagawa sama a harsasai goman farko, sannan ya karkata gefe da gefe, dole hannunsa ya ja linzamin ƙasa ya bi akasin wannan zanen. Kowa zai iya haddace zanen cikin minti biyar. Kafin hannu ya iya shi ba tare da tunani ba, sai an yi watanni.

A gem na faɗa ana ƙirga lokaci da hoto-hoto, hotuna 60 a sakan. Naushi mafi sauri a Street Fighter 6 yana sauka cikin hoto 4, wato milisakan 67 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan). Ɗan Adam kuwa yana buƙatar wajen milisakan 200 zuwa 250 kafin hannu ya amsa abin da ido ya gani. Ke nan ba a kare irin wannan naushi da gani, sai da karanta halin abokin karawa.

Misalin da 'yan gem ba sa mantawa ya faru a gasar Evo ta 2004, a Street Fighter III, tsakanin Daigo Umehara na Japan da Justin Wong na Amurka. Ran jarumin da Daigo ke sarrafawa a allo saura ƙiris, ko karewa ya yi zai faɗi, domin karewa ma tana rage rai kaɗan. Justin ya sako babban hari mai bugu 15. Mafita ɗaya ce: a danna gaba a daidai lokacin da kowane bugu zai sauka, a ture shi. Daigo ya ture goma sha biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ma a sama ya tare shi, ya sauko ya gama da Justin. 'Yan kallo da yawa a zauren sun san abin da ya kamata a yi. Hannun da zai yi shi ana ihu a kansa ne ba kowa ke da shi ba.

Ai ces ma gasa ce ta ƙwaƙwalwa. Ba ɗaya suke ba?

Ga gwaji mai sauƙi: za ka iya faɗa wa wani ya motsa maka? A ces, darar nan mai sarki da sarauniya da dawaki, za ka iya. Gwani yana kwance zai ce a kai doki gida kaza, wasansa bai ragu da komai ba. A Counter-Strike ba yadda za ka ce wa wani "harba yanzu" ya yi maka. Kafin ka rufe baki an gama.

Wannan bambancin kotu ma ta taɓa dogara da irinsa. A 2017 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa wasan kati na birij bai cancanci rangwamen harajin wasanni ba, saboda rabon jiki a cikinsa bai taka kara ya karya ba. Duk da haka Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince da hukumar ces ta duniya tun 1999. In an buɗe wa ces ƙofa, hujjar rufe wa gem saboda rashin gumi ta yi rauni.

To zai iya maye gurbin motsa jiki?

Ko kusa. Zuciya tana bugawa da sauri a lokacin karawa, amma fargaba ce ke kaɗa ta, manyan tsokoki suna hutawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 a kullum. Awa goma a gaban allo ba ta biya ko minti ɗaya daga ciki ba. Inda aka samu togiya shi ne irin tseren keke na Zwift, wanda ake taka keke na gaske a ɗaki, ƙarfin ƙafarka ke tura hotonka a allo. Hukumar tseren keke ta duniya ta fara gasar duniya a kansa a Disambar 2020.

Me hukumomi suka ce?

Bakinsu bai zo ɗaya ba. Sin ta sa gasar gem a jerin wasanninta na hukuma a 2003. Rasha ta amince a 2001, ta janye a 2006, ta dawo a 2016. Amurka ta fara bai wa 'yan League of Legends bizar ƙwararrun 'yan wasa a 2013. Faransa ta yi mata doka a 2016, amma a ƙarƙashin harkokin fasahar zamani. Hukumar wasannin Jamus kuwa a 2018 ta ce ta yarda da gem ɗin da ke kwaikwayon wasanni na zahiri, sauran ba ruwanta da su.

A nahiyar Asiya aka fi nisa. An gwada ta a Wasannin Asiya na 2018 a Indonesiya, sannan a birnin Hangzhou na Sin a 2023 aka raba lambobin yabo na gaske a gem bakwai. Koriya ta Kudu ta ci zinare a League of Legends, wanda ya sa aka ɗauke wa 'yan wasanta, ciki har da Lee Sang-hyeok da aka fi sani da Faker, cikakken aikin soja na dole, kamar yadda ake yi wa duk ɗan ƙasar da ya ci zinare a wannan gasa. Zinaren Street Fighter V kuma Kim Gwan-woo ne ya ɗauka yana da shekara 44.

Kwamitin Olamfik ya ce a 2017 ana iya ɗaukar gasar gem a matsayin harkar wasanni. Ya shirya mako na musamman a Singafo a 2023, ya amince a 2024 da kafa Olamfik ta gem tare da Saudiyya, sai kuma a Oktoban 2025 ɓangarorin biyu suka raba gari kafin a buga ko sau ɗaya.

Me ke hana Olamfik rungumarta gaba ɗaya?

Abu biyu. Na farko zubar da jini: Thomas Bach, shugaban kwamitin na lokacin, ya ce gem ɗin kisa bai dace da manufar Olamfik ba. Shi ya sa a Singafo ba a ga Counter-Strike ba, a Hangzhou kuma aka sauya PUBG Mobile ya koma tsere da harbin allo maimakon harbin mutane.

Na biyu ya fi nauyi. Ƙwallon ƙafa ba ta da mai ita. Ko FIFA ta rushe gobe, yara za su ajiye duwatsu biyu su ci gaba. Amma League of Legends mallakar Riot Games ce, Counter-Strike da Dota 2 na Valve ne. Kamfanin shi ne mai filin, shi ne mai rubuta doka, sau da yawa shi ne mai shirya gasar, shi ne kuma mai hukunta wanda ya yi laifi, kuma ba inda za a ɗaukaka ƙara. Babban burinsa sayar da gem ne.

Ga yadda abin ke taɓa ɗan wasa. Riot yana sabunta League of Legends kusan kowane mako biyu, a ƙara wa wannan jarumi ƙarfi a rage wa wancan, sai dabarar da ƙungiya ta shafe wata uku tana gogewa ta tashi a banza. A Satumbar 2023 Valve ya ɗauke tsohon Counter-Strike ya sa sabo, adadin zagayen cin wasa ya sauko daga 16 zuwa 13. Mafi muni, a Disambar 2018 kamfanin Blizzard ya sanar da rufe gasar ƙwararru ta Heroes of the Storm, 'yan wasa da masu horarwa suka wayi gari ba aiki. Ba wanda zai iya yi wa gudun mita ɗari haka. Akwai hukumomin duniya, kamar IESF da aka kafa a 2008, amma ba za su shirya gasa a kan gem ba sai da izinin mai shi. Duk mai son a ɗauki gasar gem da daraja, wannan ce matsalar da ya kamata ta dame shi.

Ba mai kayan aiki masu tsada ne ke cin wasa ba?

A gida kayan aiki suna tasiri, kuma ana iya auna shi. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a sakan yana ɗaukar milisakan 16.7 tsakanin hoto da hoto. Mai 144 yana ɗaukar 6.9, mai 240 kuma 4.2. Riba babba tana tsakanin 60 da 144, daga nan sai ta riƙa tsukewa. Kuma allon ba zai amfane ka ba in kwamfutar ba ta iya fitar da hotuna da wannan yawan.

Wanda ya fi allo illa shi ne jinkirin intanet, abin da 'yan gem ke kira ping, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je saba (babbar kwamfutar da ke ɗauke da wasan) ya dawo. Haske a cikin wayar fayiba yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan, don haka kowane kilomita 1,000 yana ƙara aƙalla milisakan 10 zuwa da dawowa. Wanda sabar ke nesa da shi da kilomita 5,000 ya fara da bashin milisakan 50, kuma ba kuɗin da zai goge masa shi. Abin da yake iya gyarawa shi ne ya haɗa kwamfutarsa da kebul na intanet maimakon Wi-Fi, domin jinkirin da ke hawa da sauka ya fi jinkiri tsayayye ɓata saiti.

Saboda haka manyan gasanni a zaure ɗaya ake yin su, kwamfutoci iri ɗaya, an haɗa su da juna kai tsaye. A 2022 an ga abin da ke faruwa in aka kauce wa haka. Kullen korona ya hana ƙungiyar RNG barin Shanghai zuwa gasar League of Legends a Busan ta Koriya ta Kudu, sai aka ƙaƙaba wa kowa jinkirin milisakan 35 don a daidaita. Daga baya aka gano na'urar ta yi kuskure, na Busan sun fi shan jinkiri, dole aka sake buga wasannin RNG uku.

Ana maguɗi? Ana shan ƙwaya?

Ana yi, kamar kowace gasa mai kuɗi. Akwai manhajar da ke saita maka bindiga ko ta nuna maka abokin karawa ta bayan bango. A 2018 a Shanghai alƙalai suka kama wani ɗan Counter-Strike da irinta a kwamfutar gasa, ya sa mata suna kamar manhajar rubutu. Shekara biyar aka dakatar da shi. A 2020 hukumar ESIC mai sa ido kan gaskiyar wasa ta dakatar da masu horarwa 37 da suka yi amfani da wata ɓaraka a gem ɗin suna leƙen inda abokan karawa suke. Cogen wasa saboda caca ya girgiza StarCraft a Koriya a 2010. A 2015 kuma wani ɗan wasa ya faɗa a fili cewa ƙungiyarsu ta sha Adderall, maganin ƙara natsuwa, a wata gasa, abin da ya sa kamfanin ESL mai shirya gasanni ya fara gwajin ƙwaya a shekarar.

Matakan da ake ɗauka a zaure: a karɓe wayoyi, a binciki kibod da linzamin kowa kafin wasa, a tsayar da alƙali a bayan kowace ƙungiya, a sa wa 'yan wasa abin kunne biyu, ƙarami a ciki mai sautin gem, babba a sama mai shuuu don kada ihun 'yan kallo ya tona musu inda abokin karawa ya ɓuya. In ta intanet ake bugawa, sai a jinkirta nunin da 'yan mintoci.

Wane irin rauni ake ji?

Na maimaita motsi ɗaya sau dubbai. Idan tsintsiyar hannu ta daɗe a lanƙwashe ko a danne a gefen tebur, jijiyar da ta ratsa ta tana matsuwa, sai babban yatsa da manuni da na tsakiya su fara mutuwa. In ƙaramin yatsa da na kusa da shi ne ke yi, yawanci a gwiwar hannu matsalar take, saboda dogara ta kan abu mai tauri. Sai ciwon wuya da baya, da bushewar ido don mai kallon allo yana rage ƙiftawa. Jian Zihao na Sin, wanda ake kira Uzi, ya ajiye wasa a 2020 yana ɗan shekara 23 saboda ciwon hannu da ciwon suga. Faker ma ya yi kusan wata guda a gefe a 2023 saboda hannu.

Rigakafin ba shi da wuya. Gwiwar hannu ta yi kusurwar digiri 90, tsintsiya a miƙe, damtse a kan tebur. Saman allo daidai ido, nisansa tsawon hannu a miƙe. A rage saurin linzami don motsin ya fito daga damtse. Kowane minti 20 a dubi abu mai nisan mita 6 na sakan 20, kowace awa a miƙe tsaye. In yatsa ya fara mutuwa har cikin dare, a daina wasa a ga likita. Ɗaure hannu a ci gaba shi ke mayar da ciwon mako biyu na shekara.

Ana iya rayuwa da shi?

'Yan ƙalilan. A 2019 Kyle Giersdorf, ɗan shekara 16, ya ci dala miliyan 3 a gasar duniya ta Fortnite. Kyautar gasar Dota 2 ta 2021 ta haura dala miliyan 40, amma a 2023 ta faɗo zuwa wajen miliyan 3, domin Valve ya sauya yadda ake tara kuɗin. Wannan ma darasin mallaka ne. Ana kuma raba kyauta tsakanin 'yan wasa da ƙungiya, a cire haraji. Sana'ar gajera ce: wani bincike na 2014 a kan 'yan StarCraft II sama da 3,000 ya nuna saurin amsawa yana fara raguwa daga shekara 24, ko da yake gogewa tana cike wani giɓin.

Yarona ya ce horo yake yi. Ta yaya zan bambance horo da jaraba?

Horo yana da alamu. Gem ɗaya ne, ba tsalle daga wannan zuwa wancan ba. Yana da lokacin farawa da na tashi. Akwai ɗumama hannu na minti 15 zuwa 20, sai wasanni masu ƙirga, sannan ya zauna ya sake kallon wasan da aka cinye shi yana neman kuskurensa. Wannan na ƙarshe shi ne ma'auni mafi kyau, domin ba daɗi gare shi, mai neman nishaɗi kawai ba ya yin sa. Tambaye shi abin da yake gyarawa a wannan makon. Ɗan horo zai ba ka amsa takamaimai.

Akwai kuma awo a cikin gem ɗin kansa, tunda kowanne yana da matakan daraja. Ƙungiyoyi daga can ƙololuwa suke ɗauka. Wanda ya shekara biyu yana tsakiyar tsani, ƙarin awoyi ba za su kai shi ba.

Jaraba kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a kundin cututtuka da ya fara aiki a 2022, da alamu uku: mutum ya kasa iko da lokacin wasansa, ya fifita shi kan sauran al'amuran rayuwa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, yawanci har tsawon wata 12. Yawan awa kaɗai bai isa hujja ba. A dubi barcinsa, da sakamakon makaranta, da cin abinci, da yadda yake yi in an ce ya tashi. In waɗannan suna lafiya, a yi yarjejeniya da shi: awoyi sanannu bayan aikin makaranta, a kashe allo awa guda kafin barci, motsa jiki kullum, da wa'adin wata shida ko shekara da za a zauna tare a duba ko darajarsa ta hau.